Baƙon da Ya Hau Bagzan da Taiki a Ka

A Gidan Sori, in ka ga dutse, to na niƙa ne, shi ma daga kasuwa aka sayo shi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, yashi da gero da wake, tudun da ya fi kowanne tsawo shi ne surin da ke bayan gonar liman. Amma a garin nan aka sami mutumin da ba ya buɗe baki sai ya ambaci dutse. Sunansa Rabilu, dattijon manomi mai rumbuna cike da ƴaƴa maza majiya ƙarfi. Uwarsa Tala daga Azbin aka zo da ita tun tana ƙarama, daga kan wani tsauni da ake kira Bagzan. Har ta rasu tana ba shi labarin ruwan sanyi mai ɓuɓɓugowa daga cikin duwatsu, shi kuwa ya riƙe labarin kamar da idonsa ya gani.

Kowane rani ayarin Abzinawa kan sauko da kantun gishiri da dabino, su yada zango a gonar Rabilu. Madugunsu Jibrilla ne, dogon mutum mai shuɗin rawani, ba ka ganin komai a fuskarsa sai idanu. Ranar da suka iso Rabilu ke yanka rago, matarsa Cima ta wuni a bakin turmi. Raƙuma su ci karan gona su bar taki, in an tashi komawa a ɗora musu taikunan gero, ba awo ba ciniki. Rabilu na kiran wannan zumunci. Labo, ɗan kasuwar da kakanninsa suka zo daga Katsina, wani suna daban yake ba shi.

"Buzu, iyayengijinka sun iso?" Haka Labo ke cewa a gindin gawo, inda dattawa ke zama bayan la'asar. "Tashi maza ka riƙe akala."

Wasa ne, kowa ya san wasa ne, tun suna samari ake yin sa. Sai dai akwai wasan da ke sauka kan gyambo. Rabilu na dariya da baki, ciki kuwa yana tafasa. Abin da yake so a duniya bai wuce a san shi ɗa ne ba, ɗan'uwan mutanen dutse, ba bawan kowa ba.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tutar ƙasa, an yi kiɗa a Maraɗi har labarin ya iso ƙauyuka. Da ayari ya sauka a ranin, Labo ya sami abin faɗa. Ya gyara zama ya ce, "To, Rabilu, ƙasa ta samu ƴanci. Saura kai."

Dattawa suka kwashe da dariya, har da liman. Nan Rabilu ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wallahi bana da ƙahwata za ni hau Bagzan," in ji shi. "In ba a shimhiɗa mini ba, in ba a yanka mini rago kamar yadda nike yi musu ba, ka kira ni duk sunan da ka so har in shiga kushewa."

Cima ta yi iyakar ƙoƙarinta. "Malam, wa ka barin gona da bazara shi tahi kallon dutse? Hadari ya hwara haɗuwa." Ya ce mata zumunci a ƙafa yake, yara su yi shuka. Da ya gaya wa Jibrilla zai bi su, madugun ya dube shi jim kaɗan, ya ce, "Ka kyauta. Bana dama muna da ƙarancin hannu." Rabilu ya ji farkon maganar ya ji daɗi, ƙarshenta kuwa bai shiga kunnensa ba. Ya naɗe sabuwar rigarsa mai aska a cikin jaka, wadda zai sa ranar da za a tarbe shi.

Tafiyar ba sai an tsawaita labarinta ba. Sun bar gero a baya, suka bar ƙaya, suka shiga ƙasar da ba inuwa sai ta raƙumi. Rabilu a ƙasa yake tafiya, Jibrilla a kan amale. In an sauka zango, shi ke neman itace, shi ke jan ruwa a rijiyoyi masu zurfin da igiya ke saɓule fatar hannu. Ya gaya wa kansa ai haka tafiya ta gada, kowa da aikinsa. Bai tsaya ya lura cewa akwai waɗanda aikinsu shi ne zama su sha shayi ba. Mutum in yana son abu ya zama gaskiya, ko hanya ta nuna masa ƙarya sai ya kau da kai.

Bayan sun wuce Agadas, wata safiya ya hangi wani abu baƙi a gabas maso arewa, ya ɗauka hadari ne, har ya fara tunanin gonarsa. Aka ce masa Bagzan ke nan. Ya yi kabbara, ya ce ashe kafin azahar sun isa. Abzinawa suka yi dariya a cikin rawunansu. Mutumin yashi bai san dutse na yaudarar ido ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai da suka ƙara kwanaki dutsen na gabansu, kullum yana ƙara tsawo, har ya rufe rabin sama.

A gindinsa aka sauke raƙuma, don raƙumi mai kaya ba ya iya wannan hanyar. Siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu baƙaƙe, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda in ka leƙa kanka ke juyawa. Jakunan da aka aiko daga sama ba su isa ba. Jibrilla ya nuna wani taiki da sandarsa, mutum biyu suka ɗaga suka ɗora wa Rabilu a ka. Geronsa ne, na gonarsa, wanda ya bayar kyauta. Ga dattijo mai furfura, mai surukai, yana hawa da hannu da gwiwa, numfashi na fita da ƙyar, takalminsa na fata ya tsinke, tsakuwa na yanka masa tafin ƙafa. Da ya tsaya ya huta sai wani ya ce masa daga baya, "Tahi mana, kana tare hanya." Ya haɗiye, ya ce a ransa in an kai sama duk za a manta.

Saman kuwa, gaskiya Tala ba ta yi ƙarya ba. Fili ne faffaɗa a kan dutsen, iska mai sanyi a tsakiyar bazara, ruwa na gudu a ƴan magudanai zuwa lambunan alkama da albasa da lemun tsami. Rabilu ya ajiye taikin, ya durƙusa ya sha har haƙoransa suka yi zafi, hawaye suka zubo masa. Ya koma bayan wani dutse ya wanke ƙafafunsa masu jini, ya zura rigarsa mai aska, ya gyara rawani, ya fito yana takawa a hankali kamar ango.

A ƙofar tantin uwar Jibrilla an shimfiɗa jar darduma. Can gefe ya ji kukan rago, ya juya ya ga an kayar da wani ƙaton fari mai ƙaho, malami na yankawa. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya ce a ransa, ina ma Labo na nan. Ya nufi darduma yana sallama, ya sunkuya zai tuɓe abin da ya rage na takalminsa.

Tsohuwar ta ɗago kai ta tambayi ɗanta da harshensu. Rabilu na jin yaren kaɗan-kaɗan daga bakin uwarsa, kuma da bai ji ba da ya fi masa. Jibrilla ya ce, "Ɗan Tala ne, wadda baba ya bari a Hausa ta riƙe mana masauki." Tsohuwar ta dube shi tun daga rawani har ƙafa, irin duban da ake yi wa ɗan maraƙin da aka ba wani kiwo ya dawo da ƙiba. Ta ce, "Ya yi kyau, bai lalace ba. Ku ba shi wuƙa."

Aka miƙa masa wuƙa. Darduma da rago na surukin Jibrilla ne, wani mutum da ya taho daga ƙauyen da ke bayan lambu, tafiyar da ba ta kai a ji ƙishirwa ba. Shi wannan ne baƙo. Wanda ya keto ƙasa guda a ƙafa, ya hau dutse da kaya a ka, nasa shi ne fiɗa, don a wurinsu ɗan gida ba ya taɓa hanjin dabba, aikin bayi ne.

Abin takaicin da ya fi kowane ciwo shi ne Rabilu ya feɗe ragon. Ba wanda ya yi masa tsawa, ba wanda ya ma san an yi masa wani abu, hannunsa kawai ya karɓi wuƙar. Ya naɗe hannun rigarsa mai aska, ya feɗe tsaf ba tare da ya huda fatar ba, ya wanke kayan ciki a magudanar ruwan nan da ya yi wa kuka. Da aka gasa, aka kai wa darduma cinya da haƙarƙari, shi aka tura masa wuya da ƙafafu a wani ɓantararren akushi, can wajen da ake ɗaure jakuna. Bai taɓa ba.

Da safe ya tarar da Jibrilla yana hura wutar shayi. Bai yi sallama ba.

"Shekara nawa kana sauka gidana?" in ji Rabilu. "Ragona ka ci, gerona ka ɗauka, matata ta yi maka daka har hannunta ya yi kanta. Yau ni ka ba wuƙar hiɗa?"

Jibrilla ya dube shi da mamaki na gaskiya, wannan kuma ya fi zagi zafi. "Mi ya ɓata maka rai? Geron ai namu ne. Uwarka tamu ce, abin da ɗanta ya noma namu ne. Mun bar maka mafi yawa don kana da amana."

"Kai ba ka ji an yi mulkin kai ba? Ba mai mallakar wani yanzu a ƙasag ga!"

Madugun ya zuba shayi daga sama har ya yi kumfa. "Na ji ana faɗi a kasuwannin Hausa," ya ce. "Bai hau nan ba tukuna. Ka dai ga hanyar."

Sai a lokacin Rabilu ya tuna, duk shekarun nan, bai taɓa jin mutumin nan ya ce an gode ba. Ko sau ɗaya.

Ya juya ya bar shi. Bayan ƙauyen akwai ƙololuwar da ta ɗara sauran, ba hanya ba sawu, ba mai zuwa sai awaki. Can ya nufa da ƙafafunsa masu ciwo, ba don wani dalili ba sai don ya hau wani abu a Bagzan wanda ba a aike shi ba kuma ba kaya a kansa. Ya hau yana zamewa yana zagi. Da ya kai sama iska ta kusa cire masa rawani. Duwatsu ne jere har iyakar gani, gaggafa na shawagi a ƙarƙashin ƙafarsa. Kyau dai akwai shi, ba wanda zai musa, shi ya sa ma abin ya ƙara ba shi haushi. Ya juya kudu ya nemi ƙasar gero bai ga komai ba sai fari. Ya kira sunan uwarsa da ƙarfi, ya tambaye ta don me ta ba shi labarin ruwa ta ɓoye masa sauran. Daga nan ya sauka, bai biya ta ƙauyen ba, ya bi wasu masu jakuna har Agadas.

A bayan motar kaya ya dawo, gero ya riga ya fitar da kai. Duk tsawon hanya yana shirya ƙarya, kuma ƙaryar mai sauƙi ce, tunda ba wani ɗan Gidan Sori da zai hau Bagzan ya bincika. Darduma ya gan ta, rago an yanka. Cima ta dubi ƙafafunsa da yadda ya rame, ta ɗora ruwan zafi.

Bayan la'asar ya tafi gindin gawo. Dattawa sun cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Aka yi masa barka da hanya, aka tambayi dutse, ya ce dutse na nan, ya fi yadda ake faɗi. Labo na murmushi, ya bari sai da aka yi shiru.

"To, Buzu, an yanka rago?"

Rabilu ya buɗe baki da ƙaryar a kan harshensa, sai ya ji in ya faɗe ta ya sake ɗaukar wa Jibrilla kaya ke nan.

"An yanka," ya ce. "Ni na heɗe shi. Ni na wanke hanjin. Wuya da ƙahwa anka ba ni, wurin jakkai."

Ya tsaya yana jiran dariyar, ya ma ɗaga haɓa don ya tare ta. Ba ta zo ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Labo, mai bakin da ba ya mutuwa, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya tashi daga kan buzun da yake zaune, ya kakkaɓe shi, ya tura gaban Rabilu da hannu biyu.

"Zamna, Malam Rabilu," ya ce a hankali.

Tun suna samari bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Rabilu ya dubi shimfiɗar, ya dubi fuskokin da ke kallonsa da tausayi.

"Ɗauke abinka," in ji shi. "Ka yi dariyarka, Labo. Don Allah ka yi dariyarka."