Kunkunniyar Wuyan Tauno

Ranar da matakin tsani ya karye da Tauno Hyvönen, Allah ya sa bai yi nisa da ƙasa ba, kuma dusar ƙanƙara ta taru a gindin bangon. Ya faɗa ciki ya nutse har ƙirji, sai da maza biyu suka zaro shi suna ta dariya. Matarsa Raili ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Da ya dawo gida ta zaunar da shi a kicin, ta zuba masa kofi, ta ce ya yi mata alkawarin ya bar hawa rufin mutane ke nan har abada. Tun yana saurayi sharar bututun hayaƙi ce sana'arsa, babu gidan da ke bakin tafkin nan da bai leƙa bututunsa ba. Amma yanzu ya ba sittin baya, ya kuma ajiye tumbin da ke riga shi shiga ɗaki.

Tauno ya daɗe yana juya kofin, sannan ya ce, "To."

Baƙo zai ce ai ba a yi magana ba. Amma "to" ɗin Tauno ta fi rantsuwar wani nauyi. Tun da suka yi aure bai taɓa buɗe baki ya ce yana son ta ba, bai kuma taɓa yi mata ƙarya ba, kuma Raili ta daɗe da yanke cewa na biyun ya fi amfani a zaman aure.

Ya rataye igiyarsa da burushinsa a rumfar itace, ya zauna. Ita kuwa tausayinsa ya kama ta, kuma Raili ba ta san wata hanyar nuna tausayi ba sai ta tukunya. Kullum tanda na aiki. Ga pulla, burodin nan mai zaƙi da ƙamshi, da safe da kuma la'asar. Ga dankali yana iyo a man shanu, ga miyar kifi da madara. In ya yi shiru ta ƙara masa, shi kuwa kullum a shiru yake. Bayan abincin rana yakan ɗauki mota ya ce zai ɗan zaga, ya dawo bai ce ga inda ya je ba. Ba ta tambaya, don namiji mai zaman gida ma yana bukatar shan iska.

Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne sauna, wato wankan tururin da suke yi ranar Asabar. Tauno ke hura wutar ɗan ɗakin katakon da ke bakin ruwa, ita ta ɗaure tsintsiyar ganyen da ake bubbuga jiki da ita. Su hau benci su zauna kafaɗa da kafaɗa, ya watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya lulluɓe su. In sun yi zufa sun gaji, ta cuɗa masa baya, ya cuɗa mata. Duk hirar da wasu ma'aurata ke yi a mako, su a nan suke yin ta, da soso.

A wata Asabar ce, bayan kusan shekara da ajiye aikinsa, ta ga abin. Ya sunkuyar da kai tana cuɗa shi, sai ga wani baƙi-baƙi ya kwanta a ƙeyarsa, ya bi layin wuyan nan mai ninki har gefe. Ta goga, bai fita ba. Ta ƙara sabulu ta goga, yana nan. Raili ta yi shekaru tana wanke wuyan nan, ta san abin da ke sa shi baƙi. Nan take ta tuna cewa a farkon makon ta haɗu da Hilkka, tsohuwar da ke zaune bayan coci, a kanti, tana cewa ai Tauno ne ya gaya mata bututunta ya toshe. Ta tuna fitar da yake yi da rana. Ta ajiye soson.

"Tsoho, rufin wa ka hau?"

"Ban hau na kowa ba."

"To wannan kunkunniyar fa? Daga kallon talabijin ka kwaso ta?"

"Ni ina ganin ƙeyata ne?"

Ba faɗuwarsa kaɗai take tsoro ba, ko da yake tana tsoron ta ƙwarai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne a ce Tauno ya kalle ta ya faɗi abin da ba shi ba. In "to" ɗinsa ta fara zama irin ta sauran maza, ba ta san a kan me za ta tsaya ba. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko sabulun da take wanke darduma da shi a bakin tafki, da burushinsa mai tauri. A ranta ta ce in ruwan ya zubo baƙi, to ta kama shi. Ta dirje wuyan nan da dukkan ƙarfinta, da dukkan fushinta. Ruwan ya zubo fes, sai ɗan ja-ja da ya biyo baya, don fatar ta saluɓe. Tauno ya miƙe. Ya watsa ruwa a jikinsa, ya ɗauki tawul ya fita.

Asabar ta gaba ya hura wuta kamar kullum, ya shigo ya ce, "Ta yi zafi. Ki fara shiga, ni sai an jima."

A wajenmu miji zai iya kwana a wani ɗaki saboda minshari, ba wanda zai ce komai. Amma raba sauna magana ce babba. Raili ta shiga ita kaɗai, ta zauna a bencin da ya yi mata faɗi, ta wanke bayanta iya inda hannunta ya kai. Ba ta ba shi haƙuri ba, don har lokacin gani take ita aka yi wa laifi.

Shi kuwa Tauno sai ya yi abin da duk wani ɗan ƙasar nan zai yi in jikinsa ya ba shi matsala: ya ƙara wuta. In ta fito, ya cika murhu da itace, ya shiga ya zauna har sai ya yi jawur, wai zufa ta fitar da ko mene ne. Ya ƙara da ranar Laraba. Baƙin wuya bai gusa ba, sai ma tafiyarsa da ta canza. Ya fara ware ƙafa in yana tafiya, in ya zauna yana mutsu-mutsu, in ya ga ta juya baya ya sosa ƙasan ciki. Singiletinsa kuma ya ce shi zai riƙa wanke abinsa, mutumin da bai san inda ake kunna injin wanki ba.

Garin dankalinta ne ya tona shi. Ta zo za ta kaɗa romon 'ya'yan itace wata safiya, ta tarar gwangwanin ya kusa ƙarewa, alhali ba ta jima da cika shi ba. Ta duba ƙasa, ga ɗigon garin daga ƙofar kicin, ya bi ta kan ciyawa har zuwa sauna. Ta bi shi. A ɗan ɗakin tuɓe kaya ta sami Tauno tsaye, ya ɗaga tumbi da hannu ɗaya, yana ƙoƙarin barbaɗa gari a inda idonsa ba ya kaiwa. Rabin garin a ƙasa yake zuba.

"Ba a ƙwanƙwasa ƙofa ne?" in ji shi.

"Saunata ce. Ɗaga in gani."

Ƙarƙashin ninkin cikin ya yi jawur ya jiƙe, ya tsattsage, har da 'yan ƙuraje a gefe. Haka ma matsematsinsa. Ta sa ya ɗaga hannu, sai ga irin baƙin nan na wuya a hammatarsa, da laushi, da wasu 'yan tsiro na fata. Ta kama hannunsa ta juya. Ta fi kowa sanin inda kunkunniya ke maƙalewa a jikin mutumin nan: ƙarƙashin farce, cikin kunne, gefen hanci. Ko'ina tas yake kamar na jariri. Ta tsaya riƙe da hannun, kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda.

"Tun yaushe kake fama da wannan?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kuma ka ƙi faɗa."

"Na ga burushin dardumar yana nan kusa."

Washegari ta tasa shi gaba zuwa asibitin gari. Likitar, wata mace mai fara'a da ake kira Saarela, ta duba wuyan, ta duba sauran wuraren, ta tura shi a ɗebi jini. Da suka koma jin sakamako, Raili ce ta riga kowa magana. Ta ce ita dai a faɗa mata sabulun da zai fitar da shi.

"Babu shi, Mama," in ji likitar. "Ba datti ba ne, fatar ce da kanta ta yi kauri ta yi duhu. In ƙiba ta yi yawa, jiki yakan fara kasa sarrafa suga, sai sinadarin da ke wannan aikin ya taru a jini, shi ke sa fatar wuya da hammata ta koma haka. Gargaɗi ne. Jininsa ya nuna ciwon suga na bakin ƙofa, bai dai shigo ba tukuna."

"Na ƙasan fa?" in ji Raili.

"Shi ma ƙibar ce. Fata ta kwanta a kan fata, zufa ba ta bushewa, suna gugar juna, sai ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Zan ba shi man shafawa. A wanke a hankali, a tsane sosai. Garin dankali kuma a bar wa kicin."

Tauno ya gyara zama. "Saunar fa, likita?"

"Ban isa in hana ba, ina son zaman garin nan. Amma in wurin ya warke, kuma ba irin wutar da na ji ana hurawa ba. In nauyin ya ragu, wuyan ma zai iya washewa."

Suka kama hanyar gida. Raili na lissafa farantan pulla a ranta, tana jin kamar da hannunta ta shafa masa baƙin nan. Da suka kai kan tudun da ke kallon ƙauyen, Tauno ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Daga nan ana ganin rufin kowane gida, hayaƙi na tashi daga wasu.

"Nan nake zuwa," ya ce. "Kin ga na Hilkka, an share shi, ga hayaƙin yana miƙewa. Wancan na kusa da gada kuma ɗanyen itace suke ƙonawa, za su gane kurensu."

"Kullum nan kake zama?"

"Ai kallo ba hawa ba ne." Ya shafa ƙeyarsa. "Da kika ce kunkunniya ce, har na ɗan ji daɗi. Da ma ita ce."

Raili ta juya fuskarta wajen taga. Ta yi shekara tana cika masa ciki, ba ta taɓa tambayar abin da ya rasa ba. Tana son ba shi haƙuri, amma ba a saba ba. Sai ta ce, "Ranar Asabar kada ka cika wuta. Tare za mu shiga."

"To," in ji shi.

Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Pulla ta koma ta ranar Lahadi kawai, man shanu ya yi ƙaura daga kan tebur, Tauno ya ce an mai da shi zomo. Kowace safiya ta miƙa masa sandunan tafiya su zaga bakin tafki, yana gaba yana huci, tana baya tana yi masa tsiyar cewa agwagi sun fi shi sauri. Ranar Asabar kuwa da tafin hannu take wanke shi, ta tsane masa kowane ninki da tawul mai laushi, shi yana kallon silin kamar ba jikinsa ake taɓawa ba. Ƙasan cikin ya warke da wuri. Wuyan ne ya ja lokaci, sai da bazara ta wuce, ganye ya fara zuba, bel ɗinsa ya matsa huda biyu, sannan baƙin ya dusashe. Bai tafi duka ba, amma sai wanda ya san wurin zai lura.

A cikin kakar ne murhun saunarsu ya fara mai da hayaƙi ciki. Tauno ya tsaya a waje yana kallon bututun, hannu a aljihu, ya ce sai a kira mai shara daga gari. Raili ta juya. Ta shiga rumfar itace, ta fito tana jan tsanin ƙarfe, igiyarsa da burushinsa a kafaɗarta. Rufin saunar dai bai fi tsayin mutum biyu ba.

"Alkawarin fa, tsohuwa?"

"Rufin mutane na ce. Wannan nawa ne. Hau, ina riƙe."

Ya hau a hankali, mataki bayan mataki, ita ta rungume tsanin tana addu'a a ranta. Da ya kai sama ya tsaya ya dubi tafki, ya dubi sauran rufin, sannan ya zura burushi. Ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata, ba ta ce ya yi sauri ba.

Da yamma suka shiga. Ya sunkuyar da kai, wuyan ya yi baƙi ƙirin har cikin kunne. Ta murza sabulu a hannu ya yi kumfa, ta shafa sau ɗaya, ta zuba ruwa. Baƙin ruwa ya gangaro ta bayansa ya bi katako.

"Ta fita?" in ji Tauno.

"Ta fita," ta ce. Ta ci gaba da wanke wuyan ko da ya riga ya fita.