Afendis ɗin Gwaggo

Ranar jarrabawar ƙarshe ta ɗaliban likitanci, matar da aka shirya za ta yi wasan marar lafiya a ɗaki na huɗu ta bugo waya ta ce tana kwance, ciwon gaske. Shugaban sashen tiyata, wanda kowa ke kira Farfesa, ya rasa inda zai sa kansa, ga kuma baƙuwar likita da hukuma ta aiko ta duba yadda suke koyarwa tana ofishinsa tana jira. Can ya tuna gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tana ƙasa a layin masu gwajin ido. Ya sauka da kansa ya lallaɓo ta.

"Abu ne mai sauƙi, Gwaggo. Kwanciya kawai za ki yi. Ɗalibi zai shigo, ki ce cikinki ke ciwo, nan ƙasa ta dama, kwana biyu, da zazzaɓi da amai. Bayan minti takwas a kaɗa ƙararrawa, wani ya shigo."

"Wato ƙarya za ka sa ni, da furfurata."

"Koyarwa ce, Gwaggo."

"To, Allah ya ba mu lada."

Aka kwantar da ita a gado mai katifar roba, bayan koren labule. Baƙuwa ta ce ita za ta ba da makin wannan ɗaki, ta ja kujera kusa da kwanon wanke hannu, ta ɗora takarda a cinya.

Na farko da ya shigo shi ne Kundi, wanda ba a taɓa kayar da shi a aji ba. Idonsa na kan allon rubutunsa ya ce, "Ina ke miki ciwo?"

Gwaggo ta buɗe baki ke nan ya riga ta: "Kwana biyu ko? Da amai da zazzaɓi?" Ya danna cikinta ta saman zane, ya juya ga Baƙuwa ya zubo karatu ba numfashi, ya rufe da cewa afendis ne, wato 'yar wutsiyar hanji ta kumbura, a shirya tiyata. Minti uku ya gama.

Na biyu ma ya san kwana biyun tun kafin a gaya masa. Gwaggo ta yi shekara arba'in a kan keken ɗinki, daga nesa take gane rigar da aka kwaikwaya. Ta ce a ranta, yaran nan wani ya tsegunta musu.

Da na uku ya tambayi inda ke ciwo, sai ta dafa gwiwarta. "Nan."

"Ƙasa ta dama," in ji shi, yana rubutu bai ɗago ba. Gwiwar dama ce, kuma a ƙasa take, don haka Gwaggo ba ta musa ba.

Na huɗu ta nuna masa kunne. Na biyar ta ce masa wata bakwai ke nan tana fama, ya gyaɗa kai cikin tausayi ya rubuta kwana biyu. Na shida tana kurma ihu tun yana wanke hannu. Kowannensu ya yanke mata tiyatar gaggawa. Baƙuwa ta kare bakinta da takardar maki, kafaɗunta na rawa.

Ta tara a layi wata ɗaliba ce da ake kira Shiru-shiru, wadda malamai ke cewa ta cika nawa. Ta gaishe ta, ta murza tafukanta su yi ɗumi, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri zan buɗe cikin in gani." Ta ɗaga zanen, ta tsaya. Wani tsohon tabo ne kwance a ƙasa ta dama, fari, tsawon yatsa.

"Mama, wannan ɗinkin fa?"

"Yauwa, 'yata! An cire abin tun ba a haife ki ba. Kuma dubi ɗinkin, a karkace."

Shiru-shiru ta sake duban tabon. Ita ma ta ji amsar da ɗalibai ke raɗawa a baranda. Ta dubi Baƙuwa ta ce, "Dakta, ko ma mene ne, ba afendis ba ne. Ba ta da shi." Ta koma tambayoyi daga farko, ƙararrawa ta same ta ba ta kai ga amsa ba.

Da azahar Farfesa ya tara malamai, ya duba sakamako, fuskarsa ta cika da fara'a. "Tara cikin goma sun gano cutar. Ɗaya ce kawai ta faɗi. Kin ga irin horon da muke bayarwa, Dakta."

"Na gani," in ji Baƙuwa. "Bisa takardarku, mutum tara sun ci jarrabawa da cire abin da babu. A kira mana marar lafiyar."

Gwaggo ta shigo ta ba da labari dalla-dalla, har da kwaikwayon tafiyar Kundi. Wani malami ya fita da tari.

Farfesa ya share gumi. "Gwaggo, don Allah me ya hana ki gaya mini an yi miki aikin?"

"Kai da ka zo duba ni a asibitin? Kana ɗan aji uku, ka zauna a bakin gado ka shanye lemon da aka kawo mini."

Aka soke makin ɗaki na huɗu. Bayan mako guda aka sake jarrabawar da wata cuta daban, wadda Baƙuwa ta zaɓa da safiyar ranar. Shiru-shiru ta wuce lafiya lau. Kundi ya duba marar lafiyarsa tun daga fatar kai har tsakanin yatsun ƙafa, ya sha da ƙyar. Wanda ya tsegunta tambayar ba a gano shi ba, amma rahoton Baƙuwa ya sa aka sake rubuta takardar maki gaba ɗaya.

A shafin ƙarshe ta ba da shawara a riƙa gayyato dattijuwar nan kowane zango. Farfesa ya kai wa gwaggonsa saƙon har gida, yana fatan za ta ƙi. Gwaggo ta ce ta yarda, da sharaɗin ranar da za a gwada malaman ma a kira ta.