Dodon Koɗin Magagi

Ruwan ya ƙi fita. Magagi ya cika baki da shi kamar yadda ya saba, ya kumbura kumatu, ya sunkuya kan kwatarniyar da ya binne a gindin bishiyar bedi, amma maimakon feshi sai tari ya sarƙe shi. Ruwan ya dalalo ta gemu ya jiƙe masa gaban riga. Ya dafa ƙasa yana haki.

Maƙwabciyarsa Lailatu tana kallonsa ta inda katangar da ke tsakaninsu ta zube. Ta ja tsaki, ba ta ko rage murya ba.

"Baba Magagi, kashe kanka za ka yi kan ƙwari?"

"Ba ƙwari ba ne, uwar Haske," in ji shi, da ƙyar. "Dodon koɗi ne."

"Ko dodon mi ne. Tashi ka shiga ɗaki."

Duk unguwar babu wanda bai san wannan abin kunya ba. Mazan Filinge suna zuwa kurmi su dawo da abin nunawa, wani kwanon rufi, wani babur, wanda ya gaza ma ya zo da rediyo. Magagi ya kwashe ƙuruciyarsa kaf a Abijan yana wanki da guga, ya dawo ba mata ba ɗa, sai kwando ɗaya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Mutane suka taru ganin tsaraba. Da aka buɗe sai ga waɗansu ƙattin dodon koɗi, kowanne ya cika tafin hannu, suna jan majina suna miƙa ƙahonni. Can, an ce, ci ake yi. Shi ba ya ci, ba ya sayarwa, kiwonsu kawai yake. Ranar kasuwa a gan shi yana bin masu ganyen salati da kankana yana tsintar ganye da ɓawo, dattijo da furfurarsa. Safe da yamma kuma ya guntsi ruwa ya fesa musu da baki, siriri kamar raɓa, irin yadda masu guga suke yi wa shadda kafin su ɗora dutse. A ganin Lailatu wannan ita ce kaɗai gwanintar da ya samo a duniya, ya kuma rasa inda zai kai ta sai kan abin ƙyama.

Washegari bai iya tashi ba. Bazara ce, irin wadda kafin hantsi ƙasa ta fara ƙona tafin ƙafa. Lailatu ta kai masa kunu ta same shi a kan tabarma, ƙirjinsa yana ƙara. Bai kalli kunun ba.

"Uwar Haske, in sunka bushe mutuwa za su yi. Ki taimake ni."

"In kwara masu ruwa, shi ke nan?"

"A'a, kar ki kwara. Ƙasar ta zama taɓo, su ruɓe. Hesawa akai."

"Da bakina? Ni? Allah shi kiyashe ni."

Sai ya ce akwai wata ƴar kwalbar feshi da ya samu wurin wanzami, tana bayan randa. Ta ɗauko ta matsa, hancin ya karye tuntuni. Ya ce to ta tsoma tsintsiya a ruwa ta yarfa musu a hankali. Ta gwada sau ɗaya, tana kau da kai saboda ƙarni, kuma ta ga abin zai ci mata safiya guda, ga daka yana jiranta. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ina da pampon heshin wake. Matsa ɗaya, an gama."

"Wanda akan sa ma magani?"

"Tun kaka ba a taɓa shi ba."

"Ki wanke shi ƙwarai, ɗiyata. Da sabuni. Ki yi mani alkawari."

"Na ji. Na yi."

Ta sauko da famfon daga saman rumbu, irin wanda ake goyawa a baya. Da ta buɗe murfin warin piya-piya, maganin ƙwari, ya ɗan buso. Ta dubi sabulunta, ta dubi ruwan da ta sha wahalar jawowa, ta ga ba ta da dalilin ɓarnatar da su a kan halittar da ko akuya ba za ta shinshina ba. Ta zuba moɗa guda, ta girgiza, ta zubar, ta cika shi. Aikin kuwa ya yi kyau. Ruwan ya fito lallausa, ya rufe kwatarniyar kamar hayaƙi, dodannin suka miƙo wuya suna bin danshi. Har ta ɗaga murya ta ce masa ga ƴaƴansa nan suna wanka. Daga cikin ɗaki ta ji yana dariya, dariyar ta koma tari.

Da yamma Ali ya iso daga Yamai. Ɗan ƙanen Magagi ne, wanda rabon unguwa da ganinsa har an manta kamanninsa. Ya leƙa ɗakin ya yi sannu daga tsaye, ya fito yana zagaya tsakar gida da waya a kunne, yana gaya wa wani cewa filin yana bakin hanya, shago zai zauna daram. Ya daki bedin da ƙafa ya ce wannan sarewa za a yi. Lailatu ta bi takalminsa mai tsini da kallo, ta ce a ranta duk zuri'ar babu na zaɓe.

Da safe ta ɗaga tsohon gidan sauron da aka rufe kwatarniyar da shi. Kumfa ce fara fat ko'ina. Waɗansu sun zubo daga cikin ƙoƙonsu sun yi laushi, sun saki, ƙudaje har sun fara sauka. Ta taɓa ɗaya da tsinke, bai motsa ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan da ke maƙale a jikin buhu. Babu mai rai.

Ta tsaya riƙe da tsinken. Kunya ta kama ta, sannan haushin kunyar ya kama ta, don me za ta ji wani abu a kan ƙwari? Ta mayar da rufin da sauri.

"Uwar Haske?" Muryar ta fito daga ɗaki, siririya. "Sun ci ganyen?"

"Sun ci."

"Kawo mani Kumandan in gane shi."

Kumandan shi ne babbansu, mai baƙin zane a baya, wanda ya ce tun daga Abijan suke tare. Ta same shi a gefe, ya shige can cikin ƙoƙonsa, shi kaɗai ne bai zubo ba. Ta goge kumfar da gefen zane, ta ɗauraye shi a buta, ta shiga da shi.

Magagi ya rame a kwana biyun nan har idanunsa sun faɗa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa bayan da babban yatsa, ya juya shi ya leƙa ciki, ya kai shi kusa da hanci. Ya daɗe a haka. Lailatu ta kafa ido a kan ƙusar da ke bango, ta shirya abin da za ta ce. Za ta ce zafi ne. Za ta ce ai da ma ba ƙasarsu ba ce, wa ya aike shi ya kawo su nan ƙasar Kurfai? In ya ɗaga mata murya ta tuna masa wanda ke kawo masa kunu.

Bai tambaye ta komai ba. Ya ɗora shi a ƙirji ya rufe da tafin hannu.

"Barci shikai," ya ce. "In ya ji ɗumin mutum shina hitowa."

"Awo, haka ne."

"Kin sha wahala da mu. Allah shi yi maki albarka, uwar Haske."

Ta ɗauki kwanon kunun jiya ta fita, ta tarar da Ali zaune a inuwa yana cin tsire shi kaɗai. Ta zazzage masa duk abin da ke cikinta, ta ce masa marar kunya, ubanka yana ciki yana fama kai kana auna fili. Ya bi ta da ido, bai san laifin da ya yi da safen nan ba.

Kafin azahar Magagi ya cika. Babu kowa a ɗakin. Ali ne ya shiga neman caja ya fito yana salati.

Da yake mamacin ba shi da mace a gida, matan unguwa a tsakar gidan Lailatu suka shimfiɗa tabarmi. Maza suna can bayan katanga suna shirin wanka, ana jin ƙarar bokiti. Matan suka yi addu'a kaɗan, suka gangara kan hira. Wata ta ce Allah sarki, ya tafi bai bar ko kaza ba. Wata ta ce ya bar dukiya mana, tana cikin kwatarniya, sai a kira limam ya raba. Aka rufe baki da mayafi ana dariya. Da a ce jiya ne, Lailatu ce za ta fi kowa.

Sai muryar Ali ta tsallako.

"Ku buɗe hannun mana. Mi ya riƙe haka? Kai! Wannan ƙazantar har cikin likkahwani?"

Wani abu ya taso ta saman katanga, ya faɗo tsakar gidan, ya gangara ya tsaya kusa da murhu. Matan suka janye ƙafafu suna tsaki. Ɗaya ta ce Lailatu ta sa tsintsiya ta fitar da shi. Lailatu ta ce a bar shi, za ta share in an watse.

Aka kai shi, aka dawo, aka watse. Rana ta yi sanyi. Lailatu ta naɗe tabarmi, ta ɗauki tsintsiya ta fara daga bakin zaure. Ta share ƙarƙashin rumbu, ta share gindin turmi, ta kwashe ɓawon gyaɗar da matan suka bari. Da ta iso murhu ta rage hannu, ta bi ta dama, ta bi ta hagu, ta wuce. Tsakar gidan ya yi fes, sawun tsintsiya ko'ina, sai ɗan wuri ɗaya kamar faɗin faifai, Kumandan yana kife a tsakiya.