Mai Hoto da Surukinsa a Ƙarƙashin Jan Haske

Shekara goma sha huɗu Mai Hoto ya yi yana gyara kawunan mutane a kwamfuta. Duk wanda ya shigo shagonsa da fili a tsakiyar kai, sai ya fita da hoto mai suma baƙa wuluk. "Kada ka damu," yakan ce, "abin da shekaru suka kwashe, minti biyar ya ishe ni in mayar maka." In mutumin ya fita kuma, ya yi ta dariya shi kaɗai.

Shi bai taɓa ganin bayan kansa ba, gabansa kuwa lafiya lau. Ranar da aka kafa masa kyamarar tsaro a saman ƙofar shago, ya zauna yana duba abin da ta ɗauka. Sai ga wani dattijo ya sunkuya yana bincike a durowar batura, tsakiyar kansa na ƙyalli kamar gindin faranti. Ransa ya ɓaci. Sau biyu yana mayar da hoton baya don ya ga fuskar ɓarawon, kafin ya lura rigar mutumin ita ce a jikinsa.

Ya ɗora tafin hannu a wurin. Gashi dai akwai, amma irin ciyawar da ke gaban mai tsaron raga a filin ƙwallo.

Da ya koma gida ya tsaya a ƙofar kicin ya tambayi matarsa, "Tun yaushe kaina ya zama haka?"

"Au, wannan? Ai ya kai shekara uku. Na ɗauka ka sani."

"Kuma ba ki faɗa mini ba?"

"Abban yara, kai dogo ne. Sai ka zauna cin abinci nake ganinsa, lokacin kuma ba ka son magana."

Wata biyu ya yi yana shafe-shafe. Wani man shafawa ya sa matashin kansa wari, wani ya sa shi susa a gaban masu zuwa ɗaukar hoto. Daga ƙarshe ya je wani ƙaramin asibitin fata a hawa na biyu, saman wani kantin magani. Tun kafin ya zauna ya gaya wa likitar cewa shi fa ba ya son wuƙa, ba ya son allura.

"Babu ko ɗaya," in ji ta. Ta nuna masa wata hula mai kama da ta masu babur, cikinta cike da ƙananan fitilu ja. "Hasken lesa ne mai sauƙi. Za ka sa ta minti ashirin, sau uku a mako, har wata shida. Gashin da ya sirance yana iya ƙara kauri. Inda ya daɗe da mutuwa ba zai dawo ba. Wasu kuma ba sa ganin komai."

Ya ji ta sarai, amma a ransa har ya fara tunanin irin askin da zai yi. A gida ya ce likitan ido yake gani, saboda yawan kallon kwamfuta.

Ɗakin hasken kujeru biyu ne, da labule a tsakani. A mako na uku, ranar Laraba, an sa masa hula an kunna, sai ma'aikaciyar ta ja labulen don iskar fanka ta kai ga kowa. A ɗaya kujerar, da hula irin tasa, jan haske na tsiyayowa ta gefen kunnuwa, surukinsa ne zaune. Mahaifin matarsa, tsohon direban jirgin ƙasa, mutumin da shekara goma sha biyu Mai Hoto bai taɓa ganinsa babu hula a kansa ba, bai kuma taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Ya yunƙura zai sauka ya gaida shi, wayar hular ta riƙe shi.

"Kada ka motsa, saura minti sha takwas," in ji ma'aikaciyar, ta fita abinta.

"Ina wuni, Baba," ya faɗa yana kallon takalminsa.

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau."

Mai Hoto ya hango su a gilashin taga, manyan mutane biyu suna ci da wuta kamar fitilun bayan mota. Ya yi fatan a ɗauke wutar lantarki. Ba a ɗauke ba.

Can Baba ya gyara murya. "Me ka ce musu a gida?"

"Ido, Baba."

"Ni gwiwa." Ya dubi Mai Hoto. "To, idonka da gwiwata, su tsaya a ɗakin nan."

Daga ranar suka riƙa haɗuwa. Da fari gaisuwa ce da shiru. Daga baya Baba ya fara ba shi labarin jirgi: yadda ake taka birki tun ana nesa da tasha, da ranar da ya tsayar da tarago goma sha biyu saboda jaki ya kwanta a kan layi. Mai Hoto ya gano tsohon yana da ban dariya, ya kuma gano cewa shekara goma sha biyu shi ma Baba tsoronsa yake ji, don a ganinsa mai ilimin kwamfuta ba zai so hirar tsoho ba.

Da wata shida ya cika, likita ta jera masa hoton kansa na farko da na yanzu a kwamfutarta. Ya duba su da idon sana'a, yana neman inda aka sauya haske ko aka karkata kyamara. Bai samu ba. Filin ya ragu da gaske, amma sai an nuna wa mutum da yatsa zai yarda. Duk da haka sai da ya ji kamar ya rungume kwamfutar.

Na Baba kuwa, hotunan biyu kamar tagwaye.

"Tun ranar farko ta gaya mini nawa ya yi nisa," in ji Baba suna saukowa daga bene. "Shekara ashirin ke nan da gashin ya zube. Na ce dai a gwada. Har na yi niyyar bari a wata na farko."

"Me ya hana, Baba?"

"Sai ka zo." Ya gyara zaman hularsa. "Tun da na bar aiki, ba wanda ya zauna ya saurare ni minti ashirin bai duba waya ba. Kai kuwa an ɗaure ka."

Mai Hoto ya karɓi jakar tsohon ya riƙe masa har bakin titi.

Da ya isa gida ya yanke shawarar faɗin gaskiya, aƙalla nasa rabin. Ya sunkuyar da kai gaban matarsa ya ce ta duba da kyau. Ta duba, ta shafa, ta ce, "Ya ɗan taru, ba laifi. Na Baba fa?"

Ya ɗago a hankali.

"Tun watan farko muka sani, ni da Mama," ta ce tana ci gaba da ninke kayan yara. "Mai ciwon ido da mai ciwon gwiwa, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kowa ya dawo da shatin hula a goshi. Mama ta ce a ƙyale ku, tunda yanzu Baba yana dawowa da fara'a."

Likita ta ce ya ci gaba da zuwa sau ɗaya a mako don abin da ya samu ya zauna. Baba ya daina sa hular, amma duk Laraba yana riga shi zuwa. Yakan ja kujera kusa da tasa, ya jira ma'aikaciyar ta kunna, sannan ya ce, "Ina muka tsaya?"