Fuskar Agafya a Zauren Maigida

Shekara goma sha ɗaya hoton Sarauniya yana rataye a zauren maigida, a wani ƙauye kusa da Kostroma a ƙasar Rasha, kuma ba baƙon da ya taɓa gane cewa fuskar Agafya ce, matar Yefim mai zane. Yefim bawan gidan ne, bai taɓa ganin Sarauniya ba. Da aka ce ya zana ta, sai ya zaunar da matarsa kwana uku, ya yafa mata jan labule.

"Yau ni ce mai ƙasa," ta ce tana dariya. "Tashi ka ɗebo ruwa, malalaci! In ka gama, ka zana ni da ɗankwalina."

"Akwai lokaci," in ji shi.

Lokacin bai samu ba. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya ɗauke ta, hoton nan kaɗai ya rage masa.

Wata safiya Luka, wakilin maigida, ya shigo da bugaggen hoton Sarauniya daga fada.

"Tsoho, doka ta fito. Duk zanen Sarauniya da bai yi kama da wannan ba, wuta za a sa masa, mai zanen kuma ya sha bulala. Mai duba yana tafe ranar Laraba."

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in kwafe ta a allo."

"Fentin kuma ya bushe yaushe? Shekara sha ɗaya manya na cire wa matarka mai dafa kabeji hula, bai ishe ka ba?" Sai ya sassauta murya. "Ni ma na san ta, Yefim. Shafe kawai."

Ya fara ɗora fuskar fada a kan ta Agafya daga haɓa, ya bar idanu sai ƙarshe. Mai duba ya yaba aikin, har masu gonakin maƙwabta suka yi ta aron Yefim. Sau ashirin ya zana fuskar fada kafin ƙanƙara ta sauka.

Da ya samu sarari, ya ɗauko allo don ya zana Agafya. Hannunsa ya fitar da Sarauniya. Ya kankare, ya sake, ita ce dai.

Ya tafi wurin Fyokla, tsohuwar ƙawar Agafya.

"Yaya hancinta yake, Fyokla?"

Ta dube shi.

"Ni za ka tambaya? Kai da ka zauna kwana uku kana kallonta?"