Ranar da Sha'aibu Mai Walda Ya Kama Sunan 'Yarsa

Zazzaɓi ya kwantar da Sha'aibu mai walda ranar Talata bayan azahar, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gidansa a Funtuwa. Shekara ashirin ya yi yana ƙera wa jama'a ƙofofin ƙarfe, ya kuma yarda cewa duk abin da aka kulle ya tsira. Amma abin da ya hana shi sukuni a makon nan ba shi da ƙofa. 'Yarsa ta fari, mai shekara goma sha biyar, ta daina dariya. Da can takan zauna a bakin rijiya tana latsa waya tana ƙyalƙyatawa. Yanzu kuwa da wayar ta yi ƙara sai ta zabura, ta kife ta a cinya.

Tambayarta ba ya iyawa. A gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya zauna hira da shi. "Ke" yake ce mata, ko ya ce wa matarsa Larai, "Gaya wa yarinyar nan." Don haka sai ya bi ta bayan fage. Ya ɗauki wayarta tana makaranta, ya kai wa wani mai gyaran waya, aka dasa mata abin leƙe, yadda duk saƙon da ya shiga wurinta zai faɗo a tasa. Kwana biyu ke nan bai buɗe ba. Yanzu ya ciro wayarsa, ya ɗora babban yatsa a kanta, idanunsa suka yi nauyi, ganyen darbejiya ya fara juyawa kamar ana dama fura.

Sai ya ga kansa tsaye a kan wata hanya mai santsi da sheƙi. Ba a tafiya a kanta. In mutum ya shafa ƙasa da yatsa, sai unguwa guda ta zame ta wuce, wata ta zo. Gidajen garin duk na gilashi ne, a tsaye kamar allunan makaranta, kowanne da yaro ɗaya a ciki yana haske. A sama tsuntsaye ne marasa gashi, suna ɗauke da muryoyin mutane a baki suna kai wa daga wannan gida zuwa wancan.

"Sa ni a fuska, ɗan taurin kai, kafin ka makance."

Ya duba ƙirjinsa. Baƙin tabarau ɗinsa na walda ne ke magana, da muryar marigayi Ɗan'azumi, maigidansa wanda ya koya masa sana'a.

"Maigida, yarinyata nake nema."

"Wace yarinya? Garin nan yara miliyan ne."

"Tawa. Ta farin."

"To, nemi ta farin," in ji tabarau, ya yi dariyar nan ta Ɗan'azumi mai kama da tari.

Sha'aibu ya shafa ƙasa, suka zame zuwa wani layi. Nan ya tarar da iyaye sahu-sahu, kowa ya manna kunne a bangon gidan ɗansa. Kunnuwan sun yi faɗi kamar faifai, har wasu suna jan nasu a ƙasa. Wani mai rawani ya juyo yana murmushi. "Nawa lafiya lau. Tun safe wa'azi yake saurare." Sha'aibu ya leƙa ta cikin baƙin tabarau, sai ya ga ba yaro ba ne a ciki. Mutum-mutumi ne na karan dawa, an sa masa hula, an jingina shi da bango. A ƙarƙashinsa akwai rami, yaron ya haƙa ya fice tuntuni.

"Ina suka tafi?"

"Inda kunne bai kai ba," in ji tabarau. "Kai ma naka ya fara tsiro."

Ya taɓa kunnensa na dama, ya ji ya kai tafin hannu. Ya yi maza ya shafa ƙasa.

Hanya ta sauke shi a bakin wani tafki wanda ruwansa fuskoki ne zalla, suna tasowa suna nutsewa. A tsakiyar tafkin ga gida guda, ga 'yarsa nan a ciki, ta haɗa kai da gwiwa. Ya gane ta da ɗankwalin da ya saya mata da sallah, ya bai wa Larai ta miƙa mata. Bai san lokacin da ya taka ruwan ba, fuskokin suna nishi a ƙarƙashin sawunsa.

Da ya isa sai ya ga gidan ba shi da ƙyaure. Abin da ya iya ke nan. Ƙarfe ya faɗo daga sama, wuta ta fito daga yatsunsa, kafin ƙiftawar ido ya haɗa ƙofar da bai taɓa yin irinta ba, mai kauri kamar ta banki. Ya garƙame ta daga waje, ya ja da baya yana haki.

"Aiki ya yi kyau," in ji ƙofar da murya mai sanyi. "Yanzu babu mai shiga. Mu uku ne kawai a nan, ni da ita da baƙon."

"Wane baƙo?"

Sai wata hawainiya ta sauko daga rufin, ta ciki, girmanta ya kai na ɗan maraƙi. Ta matso jikin gilashi tana kallonsa da ido ɗaya, ɗayan yana kan yarinyar. Fuskarta ta zama ta 'yar makaranta mai hijabi. Ta koma ta saurayi mai gyararren gemu. Ta koma ta wata hajiya mai haƙorin zinariya.

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta. "Ni ƙawarta ce. Wani lokaci yayan ƙawarta." Ta zaro harshe, a ƙarshensa ga hoton yarinyar ba ɗankwali, tana dariya a ɗakin uwarta. "Guda ɗaya ta turo mini, tana zaton ni 'yar ajinsu ce. Na ce ta ƙaro wanda ya fi wannan, in ba haka ba in bai wa tsuntsaye su kai kowane gida. Har naka."

Sha'aibu ya daki ƙofar da kafaɗa. Ko motsi ba ta yi ba, don shi ya yi ta. Ya laluba aljihu, makullin ya zama garin ƙasa.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji hawainiya. "Ba ƙarfina ke riƙe da ita ba. Tsoronka ne. Ta fi jin tsoron ka sani a kan ta zauna da ni."

Maganar ta shige shi kamar tartsatsin wuta a cikin takalmi. Ya buga gilashin. "Ke! Ke, ɗago ki gan ni."

Ba ta motsa ba. Yara dubu a gidaje dubu suka ɗago kai, kowacce tana zaton da ita ake, ban da tasa.

"A garin nan kowa 'ke' ne," in ji tabarau a hankali. "Cire ni yanzu. Wannan hasken da ido tsirara ake kallonsa."

Ya cire. Ya buɗe baki, sunan ya tokare masa a maƙogwaro. Tun ranar da liman ya raɗa shi a zaure yake ajiye a can, ya yi tsatsa. Ya ga kakanninsa sun jeru a bakin tafki, sun rufe fuska da hannun riga don kunya. Ya ce a ransa, ku yi haƙuri, a zamaninku ba a shiga gida ta aljihu. Ya cika ƙirji da iska.

"Rumasa'u!"

Sunan ya fita fari fat kamar wutar walda. Ƙofar ta narke ta kwarara. Tsuntsaye suka zubar da abin da ke bakinsu. Yarinyar ta ɗago, ta miƙe, tsawonta ya kai na uwarta, bai san yaushe ta girma haka ba.

"Baba, na yi kuskure."

"Na ji. Zo nan bayana."

"A'a, Baba. Tsaya kai a bayana."

Ya tsaya. Rumasa'u ta kama harshen hawainiyar ta fizge hoton, ya zama ganye a hannunta. Launukan dabbar suka riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya kamar an wanke atamfa mai zuba, har ta koma 'yar ƙanƙanuwa, toka-toka, ba ta kai yatsa ba. Yarinyar ta ture ta da gefen ƙafa cikin tafki. Daga gidajen gilashi aka ɗauki guɗa, yara suna fitowa daga ramuka da ƙasa a gwiwoyinsu, kunnuwan iyaye suna faɗuwa kamar busasshen ganye.

"Za ka yi mini wata ƙofar?" in ji ta.

"Wadda ta fi waccan."

"Sakatar a ciki za ka sa. Kai kuma a gina maka zaure."

Zaure ya tsiro daga ƙasa da ƙamshin sabon yaɓe. Sha'aibu ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ji ruwan sanyi a goshi.

Ya buɗe ido. Jikinsa sharkaf da gumi, zazzaɓi ya sauka, ana kiran la'asar. Larai na durƙushe da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ta riƙe haɓa.

"Malam, yau kuma sunan ka kama a tsakar gida? Har maƙwabta sun ji."

"Su ji."

A bakin ƙofar ɗaki yarinyar na tsaye riƙe da kofin kunu, idanunta sun yi ja. Ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa.

"Na'am, Baba," ta ce.

Ya miƙa mata wayarsa. "Akwai abin da na sa aka dasa a taki. Ban buɗe ba. Ki cire shi da hannunki, ni ban iya ba." Ya matsa gefe, ya kakkaɓe rabin tabarmar. "In kin gama, ga wuri."

Rumasa'u ta ajiye kunun. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a bakin tabarmar, ta ciro tata wayar daga cikin hijabi, ta ajiye a tsakaninsu, fuskar wayar tana kallon sama.