Ɗani Talatin da Biyu

Abu biyu garinmu yake alfahari da su: masana'antar ƙarfe da ta mutu, da ƙungiyar ƙwallo da ta shekara talatin tana haramar bin ta. Sai ga shi a kakar bara ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na rukuni na uku ba a jefa mata ƙwallo ko ɗaya a ragar gabas ta filinmu ba. 'Yan jarida suka ce horo ne. Mu dai mun san dalili.

A yajin aikin ƙarshe, masu gadin masana'anta sun ɗora hannun kawuna Mai Walda a kan maƙera, suka bi yatsun da guduma. Hannun ya warke a tsuke. Da aka rufe masana'antar, aka ba shi bututun ƙofarta ya haɗa turakun ragar gabas. Ba shi da tef ɗin awo, sai ya auna da ɗani, talatin da biyu kamar yadda aka gaya masa, da hannun da aka karya. Ragar ta fito da giɓin kamu guda. A rabin wasan da muke tsaronta kowa gaba yake tafiya, a ɗaya rabin kuma mu goma sha ɗaya muna gida.

Ranar wasan ƙarshe, baƙi suka daki turken ragar gabas sau huɗu kafin hutu, mu kuma mun ci ƙwallo ɗaya. Ana busa hutu mataimakin kocinsu, wani siriri mai tabarau, ya ruga ragar gabas da tef a hannu.

Bai kai ga turke na biyu ba 'yan kallo suka tsallako wayar shinge. Shugaban magoya baya, direban tirela da ake kira Birki, shi ya fara isa. Da ka ya yi masa karo a baki. Tabarau ya tarwatse, aka bi mutumin da takalma har ya daina kare fuska. Sannan mutum biyu suka manna hannunsa a jikin turke, Birki ya zaro ƙarfen da ake kafe raga da shi.

Kawu ya sauko daga benci yana ɗingishi.

"Birki, sakar masa hannu."

"Baba, koma ka zauna. Awo ya zo yi, ma'aunin za mu rage masa."

"Da hannun yake ci."

"Ya koyi ci da hagu, Baba. Kai ba ka koya ba?"

Aka yi dariya. Birki ya ɗaga ƙarfen.

Kawu ya juya wajen alƙalin wasa, wanda ya raɓe bayan 'yan sanda uku yana nazarin agogonsa, ya ɗaga murya: "Ragar ba ta cika ba. Kamu guda ta rasa. Ni na haɗa ta, ni za a tambaya."

Kwalba ce ta fara sauka, a gefen kunnensa. Aka saki mai tef, ya rarrafa ta ƙarƙashin ƙafafu ba mai kula shi, don an sami na gida. Ƙarfen ya sauka a haƙarƙarin Kawu sau uku. Haƙoransa na gaba, mai yankan ciyawa ne ya tsinto su washegari.

Alƙali ya rubuta cewa hayaniya ta hana shi jin komai. Tef ɗin ba a sake ganinsa ba. Muka ci ɗaya da nema, aka ɗaga kofi. Mai tef ya koma garinsu da yatsu goma, ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Kwana uku bayan haka Birki ya zo asibiti da ledar lemo, ya zauna a bakin gado.

"Sannu Baba. Tsautsayi ne, a cunkoso ba a gane fuska."

Kawu ya motsa leɓe da ƙyar. "Kana duka kana cewa yi haƙuri Baba."

"To ai ka ga ban manta ladabi ba."

Ya ɓare lemo ɗaya, ya dubi wayar da likita ya ɗaure muƙamuƙin Kawu da ita, ya shanye abinsa.